Ɗanyen nama ko abincin buhu: wanne zan riƙa ba karnukana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kaduna, ina zaune a wata sabuwar unguwa ta bayan gari inda gidaje ba su yi yawa ba. Bayan ɓarayi sun haura mana katanga har sau biyu, na samo karen gadi irin na Jamus da ake kira Alseshan, yanzu shekararsa uku, nauyinsa kusan kilo 30. Kwanan baya kuma aka ba ni kwikwiyo irinsa ɗan wata huɗu, sannan uwargida tana da kyanwa da ta shaƙu da ita ƙwarai. Tun farko busasshen abinci na buhu nake saya musu, amma farashinsa ya fi ƙarfina yanzu. Wani abokina ya ce in daina ɓarnar kuɗi, in riƙa zuwa kwata ina sayo huhu da tumbi da maƙogwaro da kawunan kaji ina ba su ɗanye, ya kuma nuna mini bidiyoyi a Facebook na Turawan da suke cewa ɗanyen nama shi ne abincin kare na asali. Uwargida ta ƙi amincewa, domin tana da juna biyu, kuma muna da ƙananan yara biyu, ɗaya yana rarrafe. Maganar ta fara jawo mana saɓani. Don Allah wanne ya fi araha, wanne kuma ya fi amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare maka gidanka, ya kuma sauki uwargida lafiya. Na ji daɗin cewa ka tsaya tambaya kafin ka canza musu abinci, domin dabbar da mutum ya kulle a gidansa ba ta da hanyar neman abin da za ta ci sai abin da ya miƙa mata, kuma hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha sananne ne a wurin kowane Musulmi. Zan gaya maka ra'ayina tun daga farko don kada ka yi ta jira: a gida irin naka, mai ɗauke da mace mai juna biyu da yaro mai rarrafe da kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, kada ka koma ba su ɗanyen nama. Akwai hanyar rage kashe kuɗi, kuma zan zo kanta, amma sai an bi ta cikin tukunya.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne ya kawo maganar. Kuskuren da abokinka ya yi, wanda mutane da yawa suke yi, shi ne kwatanta farashin kilo ɗaya na abincin buhu da farashin kilo ɗaya na kayan kwata. Idan aka duba ta nan, lallai kwata ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai kilo biyun nan ba abu ɗaya suke ɗauke da shi ba. Busasshen abinci an riga an ƙone ruwan da ke cikinsa a masana'anta, abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali ɗanyen nama kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Wanda ya sayi kilo ɗaya na nama ya biya kuɗin ruwa fiye da rabin kilo, ruwan da yake da shi a randarsa. Saboda haka lissafin da ya dace shi ne a duba abin da zai ƙosar da karen a yini guda, a ga nawa ne kuɗinsa ta kowane ɓangare.

Babban karenka mai kilo 30 yana bukatar kimanin kalori 1,400 a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kuma idan yana kwana yana zagaye gida bukatarsa za ta ɗan ɗara haka. Yawancin abincin buhu yana ɗauke da kalori 3,500 zuwa 4,000 a kowane kilo, don haka giram 400 ya ishe shi a yini, buhu mai kilo 15 kuma zai kai shi kwana 37 ko kusa da haka. Su kansu masu ba da ɗanyen nama ƙa'idarsu ita ce a ba kare kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsa kullum, wanda ga naka ya kama kimanin giram 750. A cikin kwana 37 ɗin nan zai cinye kilo 28 na nama ke nan, kuma wannan idan nama ne mai tsoka da kitse. Huhu da tumbi kuwa, waɗanda su ne masu arahar da aka yi maka kwaɗayinsu, ba su kai kalori 1,000 a kilo ba. Kafin kare ya samu abin da jikinsa yake bukata daga gare su sai ya ci kusan kilo ɗaya da rabi a rana, fiye da kilo 50 ke nan a tsawon lokacin da buhu guda yake ɗauka. Ka je kasuwa da wannan lissafi a aljihu. Ka tambayi mahauci kuɗin kilo biyu na nama, ko kilo huɗu na huhu da tumbi, ka ajiye shi kusa da kuɗin kilo ɗaya na abincin buhu. Sai a lokacin ne ka kwatanta abu da irinsa, kuma ina kyautata zaton ratar da ka gani da farko za ta ragu ƙwarai, wataƙila ma ta ɓace.

Bayan kuɗin naman akwai wasu kuɗaɗen da ba a ganin su sai an shiga harkar. Buhu yana zaune a ɗaki makonni ba ya neman wuta. Ɗanyen nama kuwa ko dai ka je kwata kowace safiya, ka ƙona fetur da lokacinka, ko ka sayo na mako guda ka dogara da firiza. Ka fi ni sanin halin wutar unguwarku, ka kuma san abin da litar fetur ta koma tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, da yadda aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Naman da ya daskare ya narke, ya sake daskarewa ya sake narkewa saboda ɗauke wuta, ya zama gonar ƙwayoyin cuta. A zafin watan Maris da Afrilu, naman da aka bari a waje bai kamata ya wuce awa ɗaya ba a ci ba. Duk ledar da ta lalace ka zubar, ita ma kuɗi ce da ya kamata ta shiga lissafi, haka ma kuɗin asibitin dabbobi ranar da gudawa ta kama kare.

Game da bidiyoyin da ka gani, yana da kyau ka san asalin abin. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Ian Billinghurst ne ya yayata wannan tsari ta hanyar littafin da ya fitar a 1993, daga nan ya bazu zuwa Amurka da Turai. Hujjarsu ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya girki. To amma a 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa a tsawon zaman da kare ya yi da ɗan Adam halittarsa ta sauya, har ya fi kyarkeci iya narkar da sitaci sosai. Mu nan ba ma bukatar jami'a ta gaya mana wannan, domin karnukan mafarautanmu da na makiyaya da ƙanzo da sauran tuwo da kunu suka tashi, nama kuwa sai ranar da aka yi sa'a a daji. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne, Baturen da ke ba karensa ɗanyen nama ba don sauƙi yake yi ba. A can shi ne abinci mafi tsada, ana auna tsoka da ƙashi da hanta da bitamin a kan sikeli, a daskarar, a kai gida cikin motar sanyi, kuma wuta ba ta ɗaukewa. Ba zan ƙi faɗin gaskiyar da ke cikin maganarsu ba: karnuka suna son ɗanɗanon nama fiye da na busasshen abinci, kashinsu yakan ragu, gashinsu yakan yi sheƙi. Sai dai sheƙin nan daga yawan kitse yake zuwa, kuma dafaffen nama ma yana kawo shi.

Kwikwiyon ne ya fi damuna a cikin dabbobinka uku. Ƙashi yana ginuwa ne da sinadarai biyu, kalsiyam da fosfaras, kuma jikin kare yana son su kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan rinjaya. Tsoka da kayan ciki cike suke da fosfaras, kalsiyam ɗin da ke cikinsu kuwa ɗan kaɗan ne, ratar takan wuce ninki goma. Idan aka ɗora kwikwiyo a kan nama zalla, jikinsa zai riƙa ciro kalsiyam daga ƙasusuwansa don ya daidaita jini, har ƙashin ya yi laushi. Na taɓa ganin wannan da idona a gidan wani maƙwabci da ya sayi kwikwiyo mai tsada, kuma saboda tsananin son da yake yi masa ba ya ba shi komai sai tsoka da hanta. Cikin wata biyu ƙafafun gaba suka lanƙwashe kamar baka, yana tafiya yana dogara gwiwa a ƙasa, ranar da ya diro daga kan dakali kuma cinyarsa ta karye. Mai shi ya yi ta mamaki, yana cewa ai bai taɓa barin sa da yunwa ba, kuma gaskiya ya faɗa. An je neman ƙiba an samo rama. Ba kuma a gyara wannan ta hanyar zuba masa garin ƙashi da ka, domin kwikwiyon manyan karnuka irin naka jikinsa ba ya iya ƙin kalsiyam ɗin da ya yi yawa a watannin farko, yawansa kuma yana ɓata gaɓoɓi kamar yadda ƙarancinsa yake ɓata ƙashi. Wannan awon shi ne ainihin abin da kake biya idan ka sayi abincin buhu na 'yan kwikwiyo, kuma shekarar farko ba ta dawowa a sake ta.

Haɗa cikakken abinci a gida ya fi wuya fiye da yadda ake zato. A 2013 likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun binciki tsare-tsaren girkin karnuka guda 200 da suka tattaro daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a kan aƙalla sinadari ɗaya da jiki ba ya yi sai da shi. Kayan da abokinka ya lissafa ma kowanne da tasa matsalar. Maƙogwaron sa yakan zo da wani ƙullin nama a manne da shi wanda ake kira tayiroyid, kuma karen da ya daɗe yana cin sa yakan rame, ya riƙa haki da yawan shan ruwa, dafawa ma ba ta kawar da wannan illa, don haka ka cire maƙogwaro daga lissafinka gaba ɗaya. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma bitamin A ya yi mata yawa, kuma idan ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincin tana iya cutarwa bayan wani lokaci. Ƙashi mai tauri yana fasa turamen haƙori, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya yi tsini ya soki hanji.

Yanzu sai maganar uwargida, wadda a ganina ita ce mai gaskiya a wannan saɓani. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin karnuka da kyanwoyi da ake sayarwa a can, ta samu ƙwayar salmonela a cikin 15, ƙwayar listeriya kuma a cikin 32. Wannan fa naman da aka sarrafa a masana'anta ne aka ajiye cikin sanyi, ba wanda ya wuni a kan tebur ƙudaje suna bi ba. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar da matsayarta tana ba da shawarar kada a ba dabbobin gida ɗanyen nama. Abin da ya sa lamarin ya shafe ku shi ne, kare yana iya ɗaukar waɗannan ƙwayoyi bai nuna alamar ciwo ba, yana ta zubar da su cikin kashinsa da yawunsa. Daskarewa ba ta kashe su, tafasa ce take kashe su. Ka hango tsakar gidanka da safe: kare ya ja guntun huhu daga kwanonsa zuwa gindin bishiya ya ci, jini ya ɗiga a siminti, bayan awa ɗaya yaro ya rarrafo ta wurin ya kai hannu baki. Salmonela tana kawo gudawa da zazzaɓi mai tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, listeriya kuwa tana iya ratsawa zuwa ga ɗan tayi ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Sannan wuƙa da katakon yanka da firiza duk na uwargida ne, a nan za a sarrafa naman karnukan, a nan kuma za a yanka salak.

Akwai wata cuta da ta fi kusa da mu fiye da Turawan bidiyon, kuma ba kasafai ake zancenta ba. Duk wanda ya saba shiga mayanka da sassafe ya taɓa ganin mahauci ya yanka huhun tunkiya ko hantar raƙumi ya ci karo da wata jaka mai ruwa garai-garai, girmanta kamar ƙwai ko fiye, sai ya ƙwaƙule wurin da bakin wuƙa ya wurga wa karnukan da ke jira a bakin magudana. A cikin jakar nan akwai dubban kawunan wata ƙaramar tsila. Idan kare ya haɗiye ta, tsilar takan girma a hanjinsa ba tare da ta dame shi ba, ƙwayayenta kuma su riƙa fita cikin kashinsa, su manne a gashinsa da ƙasar gida. Mutumin da ya haɗiye su ta hanyar hannu ko abinci, sai irin wannan jaka ta fara girma a hantarsa ko huhunsa, a hankali, shekaru ba a sani ba, kuma sau da yawa sai an kai ga tiyata kafin a raba shi da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, ɗaya daga cikin hanyoyin kariya kuma ita ce kada a ba kare ɗanyen kayan ciki. Huhun da ake sayarwa da arha don karnuka sau da yawa shi ne wanda aka ga aibu a jikinsa.

Haka nan ka guji matattun kaji da wasu masu gidan gona suke sayarwa da rahusa, da duk wani mushe. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya ne a 2006 a wata gonar kaji a nan jiharku ta Kaduna, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. A ƙarshen 2024 an samu kyanwoyi a Amurka da suka mutu da ita bayan cin ɗanyen abincin da aka yi da naman tsuntsaye. A watan Yulin 2023 kuma gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar antiraks, cutar dabbobi mai kisa da take kama mutum ma, a wata gona a Suleja. Dabbar da ba ka san abin da ya kashe ta ba, ko kyauta aka ba ka, kada ta shiga gidanka.

Kyanwar uwargida lamarinta daban ne, kuma ita ce mafi sauƙin ɗauka a aljihu. Kyanwa mai kilo huɗu ba ta cin fiye da giram 50 zuwa 60 na busasshen abinci a rana, ƙaramar leda mai kilo biyu za ta kai ta fiye da wata guda, don haka babu wani rangwamen kirki da za ka samu idan ka canza mata. Kada a haɗa ta da abincin karnuka don a rage sayayya, domin tana bukatar wani sinadari mai suna taurin wanda jikinta ba ya ƙera isasshe, kuma tun 1987 aka gano cewa rashinsa yana kumbura zuciyar kyanwa har ya kashe ta, yana kuma makantar da ita. Ɗanyen kifi na yau da kullum yana lalata bitamin B1 a jikinta. Mafi muhimmanci a halin da kuke ciki, ɗanyen nama yana cikin manyan hanyoyin da kyanwa take kamuwa da ƙwayar tokzofilasma, wadda take fita ta kashinta kuma take iya cutar da jaririn da ke ciki. Ba sai an raba uwargida da kyanwarta ba. Abin da ake bukata shi ne kyanwar ta ci abincin leda ko dafaffe, wani dabam ya riƙa kwashe kashinta kowace rana ya wanke hannu, domin ƙwayar sai ta kwana aƙalla ɗaya a waje kafin ta iya kama mutum. A ajiye mata ruwa mai tsabta koyaushe, saboda kyanwar da ke cin busasshen abinci ba ta sha da yawa, abin da yakan jawo matsalar fitsari, musamman ga muzuru.

Kada ka ɗauka ina wanke abincin buhu ne daga laifi. Tsadarsa gaskiya ce, domin yawancinsa daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,000 cikin 'yan watanni. Wasu nau'o'in masu arha an cika su da masara da dusa, kare ya ci da yawa ya yi kashi da yawa bai yi kumari ba, a nan ma araha ba ta ado. Babban haɗarinsa kuma shi ne fumfuna. Masarar da ta yi fumfuna tana fitar da guba mai suna aflatoksin wadda zafin masana'anta ba ya kashewa, tana lalata hanta, kuma a ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka fiye da 100 sun mutu a Amurka ta wannan hanya. Saboda haka kada ka sayi wanda ake aunawa a kwano daga buɗaɗɗen buhu, wanda ba ka san ranar da aka buɗe shi ko ranar lalacewarsa ba. Ka sayi rufaffe, ka duba lambar NAFDAC da kwanan watan ƙarewarsa, ka tabbatar an rubuta cewa cikakken abinci ne kuma na wane shekaru ne. Furotin, wato sinadarin gina jiki, kada ya gaza kashi 18 cikin 100 ga babban kare, na kwikwiyo kuma kada ya gaza kashi 22 da ɗoriya. A bayan kowane buhu akwai jadawalin giram nawa ake ba kare gwargwadon nauyinsa, da shi za ka raba nauyin buhun ka san kwana nawa zai yi, ka kuma san kuɗin kowane yini. Ta haka za ka iya kwatanta na waje da wanda ake yi a gida, irin Binggo na kamfanin Grand Cereals da ke Jos, ka zaɓi wanda aljihunka zai iya ɗorewa a kai. Idan ka buɗe, ka bar abincin cikin buhunsa, ka naɗe baki, ka sa a bokiti mai murfi a kan katako nesa da danshi, ka ƙarar da shi cikin mako shida, musamman da damina.

Ga yadda zan tsara abin da a ce gidana ne. Kwikwiyo ya zauna a kan abincin buhu na 'yan kwikwiyon manyan karnuka har ya cika shekara ɗaya, kada a ƙara masa garin ƙashi ko wani maganin kalsiyam. Kyanwa ta ci gaba da nata. Wurin babban karen ne za ka samu sauƙi, domin jikinsa ya gama ginuwa kuma ya fi jure canji. Likitoci sukan ce ƙarin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba ba ya ɓata daidaiton abincin buhu, amma tunda matsi ne ya kawo mu nan, za ka iya barin kashi biyu cikin uku na abincinsa ya zama na buhu, kashi ɗaya kuma girkin gida, muddin an yi shi da kula. A tafasa guntattakin nama da zuciya da tumbi da huhun da aka duba ba shi da aibu, har su dahu ciki da waje, a sa 'yar hanta kaɗan, a zare duk wani ƙashi, a dafa tsakin shinkafa ko garin masara mai kyau ko dankalin Hausa a cikin romon, a jefa kabewa ko karas, wani lokaci a ƙara dafaffen ƙwai. Ɓawon ƙwan kada a zubar, a wanke shi a busar a daka ya yi laushi, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na naman, shi ne zai cike gurbin kalsiyam. Kada a sa gishiri ko dunƙulen ɗanɗano ko yaji. Albasa da tafarnuwa kuwa guba ne ga kare da kyanwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, wannan ne ya sa ragowar miyarmu ba ta dace da su ba ko da tuwon ya dace. A ware wa girkin tukunya da wuƙa da kwanonsu, a yi na kwana biyu ko uku idan akwai sanyi, idan babu a yi na yini guda.

Akwai wata magana mai nauyi da ya kamata in faɗa maka. Kwikwiyon nan cikin wata takwas zai kai girman babban, cinsa ma yanzu yana neman kamo nasa. Idan ka zauna ka yi lissafin nan ka ga cewa karnuka biyu za su taɓa abincin iyalinka, ko kuɗin awo da na haihuwa da ke tafe, to kare ɗaya ƙosasshe mai lafiya ya fi biyu ramammu amfani a bakin ƙofa. Babu abin kunya idan ka mayar da kwikwiyon ga wanda ya ba ka, ko ka nema masa wanda zai iya riƙe shi, tun yana ƙarami yana saurin sabo da sabon gida. Ka kuma zauna da uwargida ku yi lissafin tare, ka gaya mata cewa ka bincika ka ga tsoronta yana da tushe, domin ita ce za ta riƙa ganin abin da yake faruwa a tsakar gida lokacin da kake wurin aiki, kuma tsarin ba zai tafi ba sai da yardarta.

Duk canjin da za ka yi, ko daga wani buhu zuwa wani, ko shigar da girkin gida, ka yi shi a hankali cikin kwana bakwai, kana ƙara sabon kana rage tsohon, don kada cikinsu ya ɓaci. Kafin ka fara, ka kai su wurin likitan dabbobi a auna nauyinsu, ka nuna masa kayan girkin da ka shirya ya gyara maka gwargwado, a yi musu allurar rigakafin haukan kare, a kuma ba su maganin tsutsar ciki mai ɗauke da furazikwantel, wanda shi ne yake kashe tsila, a riƙa maimaitawa duk wata uku. Idan kana son shawarar ƙwararru fiye da ta asibitin unguwa, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa da kai. Bayan haka, duk mako biyu ka shafa tafin hannunka a gefen ƙirjin babban karen. Idan kana jin haƙarƙarinsa a ƙarƙashin 'yar tsoka ba tare da ka danna ba, kuma ba ka hango su da ido daga nesa, abincin ya yi daidai. Idan sun fara fitowa fili, ko gashinsa ya dushe, ko gudawa ta wuce kwana biyu, ka mayar da shi kan abincin buhu zalla ka koma wurin likitan.